Cinyar Rago a Ƙarƙashin Gada

Rusau ya ci ɗakina a Nyanya, na koma kwana a ƙarƙashin gada. Lokacin kuɗi na yawo a Abuja, ko'ina gini ake yi, ni kuwa dukiyata kwali ce da bargo. Dako nake yi a tasha. Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ina son a san haka.

Da Babbar Sallah ta zo, gari ya watse. Haka Abuja take, kowa da garinsu. Tasha ta yi tsit, ba buhun ɗauka, ba abin sawa a baki. Muka rage mu 'yan ƙarƙashin gada, sai wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai gasa doya a bakin titi. Mama muke ce mata. Kirista ce, sallah ba ta hana ta hura wuta.

Bayan azahar wata mota ta tsaya. Wani Alhaji ya fito, farar shadda da tabarau, irin ma'aikatan gwamnatin nan. Ya yi sallama, ya miƙo mini leda mai nauyi. Na buɗe. Cinyar rago ce, ɗanya, kason mabukata daga layyarsa.

Na ce, "Oga, ka ga tukunya a nan? Ko murhu?"

Ya waiwaya. Kwalaye, barguna, takalmin wani guda ɗaya. Ya ce, "Wallahi, Malam, ban yi wannan tunanin ba."

"To yi shi yanzu."

Na mayar masa da ledarsa. Ya tsaya da ita a hannu, ya rasa ta gaba ya rasa ta baya, jini na ɗiga kusa da shaddar. Sai ga Mama ta taso. Ta goge hannu a zani, ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna. Ta sa masa albarka, ta sa wa matarsa da 'ya'yansa, har motar ba ta bari ba. Ya shiga ya tafi, bai ƙara duba inda nake ba.

Ta yayyanka naman, ta gasa wani, ta soya sauran da manja. Kowa a ƙarƙashin gada ya samu. Na matso, ta ja murfi ta rufe kwano.

"Naka yana nan, ɗana. Ba yau ba."

"Ai ni aka kawo wa."

"Kai aka kawo wa, kai ka kore. Ba dako kake yi ba? Ka ɗora wa mutum kunya ya tafi da ita gida. Je ka sauke masa, ka zo ka ci."

Na ce ina zan gan shi. Ta ce a Mararaba yake, kullum da safe yana cikin cunkoson motocin nan masu shiga gari, har doya yake saya a wurinta. In an koma aiki za ta nuna mini motar.

Ta san abin da take yi. Bakin tagar mota wurin masu talla ne da mabarata. In na tsaya a can, 'yan dakon tasha za su gani, kuma bakinsu ba ya rufuwa. Sunan da ya rage mini ke nan a duniya, cewa ni ba na roƙo. Na ce ta riƙe namanta.

Ta riƙe kuwa. Tana ba ni doya gasasshiya, gayanta, ko manja babu. Kowace safiya sai ta sake soya kasona don kada ya lalace, kuma sai iska ta juyo wajena take yi. Tana juyawa tana cewa, "Mai zuciya, yau ma iska za a ci?" Sauran suna dariya, suna sakace haƙori a gabana.

Hutu ya ƙare, motoci suka dawo. Da safe ta nuna mini motar da wuƙar doya. Na tashi. Buhun siminti ban taɓa jin nauyinsa kamar tafiyar nan ba. Wani ɗan dako ya hango ni daga tasha, ya ɗaga murya, "An canza sana'a ne?" Na wuce abina.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Alhaji ya gane ni, ya sauke kaɗan, iya yadda yatsa zai shiga.

"Malam, yau kuma me na manta?"

"Ba ka manta komai ba. Godiya na zo yi. Na gode, Allah ya karɓi layya."

Ya kai hannu aljihu. Na ce a'a, ya bar shi, wannan kaɗai na zo faɗa. Sai ya sauke gilashin duka, ya miƙo hannu muka gaisa. Ya ce tun ranar abin yana damunsa, ko naman gidansa bai yi masa daɗi ba. Ban taɓa sanin mai mota yana kwana da maganar irina ba. Na bayansa suka fara hon, ya ja gaba.

Na dawo, Mama ta buɗe kwano. Naman ya sha suya har ya zama kamar tsakuwa. Na cinye shi tas. Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, sai na gane ita ma jira take. Na ce mata na gode. Ta ce, "Ashe bakin yana iyawa."

'Yan tasha sun yi ta tsokanata, suka gaji suka bari. Maganar tukunya kuwa har yau ina ganin gaskiyata ce, faɗarta ce ta zo a karkace.

Yanzu ina Apo, ina gadin garejin wani makanike. Ina da ɗakin langa-langa mai ƙofa, kuma bayana ya huta da buhu.