Kwana Goman Haladu a Bauchi

Ni ce Kubra mai masa. Shekarata goma sha ɗaya ina haya gida ɗaya da Haladu direba a unguwar Dilimi cikin Jos, ƙofata tana kallon tasa, saboda haka labarinsa ba a bakin famfo na tsinto shi ba. Mutum ne dogo, siriri, marar hayaniya. Ko taba sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba, goro ma sai an matsa masa. Tasi yake ja tsakanin Taminus da Bukur, motar wani Alhaji ce, tsohuwar Fijo wadda kullum da safe sai mun taru mun tura ta. Ya taɓa aure, bai yi ƙarko ba, babu haihuwa. A duniya daga shi sai yayansa Sharafaddeen, wanda muke kira Malam Sharafa.

Aikin kuza ne ya kawo ubansu Jos, a ramin kuza kuma ya rasu, Haladu yana ɗan shekara shida. Malam Sharafa ne ya raine shi, ya sa shi makaranta, ya koya masa tuƙi a garejinsa, don a da babban makanike ne. Rikicin 2001 ya cinye garejin da gidan, matarsa ta rasu a ciki, shi kuma ya fito da ƙafar hagu a lalace. Haladu ya ɗauko shi ya kawo ɗakinsa, ya bar masa gado, shi ya koma tabarma.

Tun daga lokacin Malam Sharafa ya fara shan wiwi. Ban ce ya kyauta ba. Amma ban san abin da yake gani ba in ya rufe ido, don haka bakina alaikum. Da an yi la'asar sai ya tura ƙofa, ya kunna turaren tsinke har uku, wai don ya ɓatar da warin. Wa zai ruɗa? Kajin gidan ma sun sani. Taga kuwa tun sanyin farko aka toshe ta da kwali da tsumma, saboda ƙafar ba ta son iska. Haladu zai dawo da magariba ya shiga cikin hayaƙin nan, ya ci tuwo a ciki, ya kwana a ciki. In ciwon ƙafa ya tashi, yayan ya juya fuska ga bango ya kunna, ƙanen ya yi kamar barci yake. Shekara biyar a haka, kuma ko sau ɗaya Haladu bai kira abin da sunansa ba. "Turaren Yaya" yake cewa.

Da daminar 2006 aka samo masa hanyar aiki a wani kamfani mai kai man gas ga turakun wayar salula. Albashi duk wata, mota sabuwa, asibiti kyauta ga shi da wanda yake riƙo. Wannan na ƙarshen shi ne ya hana shi sukuni, don ya daɗe yana son a duba ƙafar yayansa. Ya ci jarrabawar tuƙi. Saura abu ɗaya, in ji su: gwajin fitsari, don ba sa ɗaukar mai shaye-shaye. Aka ba shi rana, nan da kwana goma sha biyu.

Ya zo ya tsuguna gaban tandata da safe, fuskarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Kubra, wanda bai sha ba, amma yana shaƙa, abin zai fito a jikinsa?"

"Ni likita ce? Tashi mu je wurin Cordelia."

Cordelia tsohuwar nas ce mai kemis a Kwararafa, ba ta da rufa-rufa. Haladu ya fara kame-kame, wai wani abokinsa ne yake tambaya. Ta leƙe shi ta saman tabarau ta ƙyale shi da abokin nasa.

"Oga direba, ji nan. In a waje ne, mutum yana sha kusa da kai, iska yana ɗauka, ba zai fita a gwaji ba. Amma in ɗaki a kulle ne, ba taga, hayaƙi ya cika kana shaƙa awa da awa, e to, zai iya nuna kaɗan. Shi ma kwana ɗaya, kwana biyu, ya wuce. Ka gaya ma abokinka ya buɗe taga, ko mai shan ya fita waje kwana uku. Shi ke nan fa."

Shi ke nan fa, in ji ta. Ba ta san ɗakin da za a shiga a faɗi wannan magana ba.

Muna fitowa na ce, "To ka ji. Ka ce masa, Yaya, kwana uku kacal, ka yi haƙuri da turaren nan."

"In ce masa me? In nuna masa na san abin da yake sha? Mutumin da ya yi mini wanka da hannunsa?"

"To shi bai san ka sani ba? Hancinka a toshe yake?"

"Ya sani. Amma ba mu taɓa faɗa ba. In na faɗa, da wane ido zai ƙara kallona?"

"Bari ni in faɗa masa, ni ba ni da kunya."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, 'yan acaɓa suna zaginsa. "Na haɗa ki da girman Allah, Kubra, kada ki buɗe baki."

Na ɗaukar masa alkawari, ba don raina ya so ba. Da na san inda alkawarin nan zai kai mu, wallahi da ban ɗauka ba.

Dabarar da ya ƙulla ita ce wannan. Ya gaya wa yayansa cewa Alhaji ya aike shi Bauchi, zai yi kwana goma. Na ce ai Cordelia kwana uku ta ce. Ya ce nas ma tana kuskure, kuma wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ya ɗauki bargo da buta, ya bar mini amanar abincin Malam Sharafa, ya tafi. Bauchin nasa kuwa Tina Junction ce, nan cikin Jos, gefen rumfar wani mai faci. Ya yini yana ɗaukar fasinja, ya dawo ya kwanta a kujerar baya. Watan Agusta ne, ruwa ba dare ba rana, sanyin Jos yana shiga har ƙashi. In ya zo wucewa ta bakin layinmu sai ya rage gudu ya leƙo, ba ya tsayawa.

Shi kuma Malam Sharafa ya jawo kujera bakin ƙofa ya zauna yana kallon zaure. Mutumin da bai cika magana ba, sai ga shi yana tsare ni da tambaya. Ko ana ruwa a Bauchi? Ko Haladu ya tafi da rigar sanyi? Wai tayar baya ta Fijon nan ta suɗe, ya gaya masa ya canja bai ji ba. In na kai tuwo ya ci loma uku ya rufe. Tausayi ya riƙa cina, ina jin haushin su duka biyu.

Ran kwana na shida Badung ya shigo. Ɗan acaɓa ne, magidanci, yana haya a ɗakin bakin zaure, mutumin kirki amma cikinsa ba ya ajiya. Yana karkaɗe ruwa daga hularsa ya ce, "Baba, na ga Haladu a Tina yau da safe, yana wanke fuska a gefen mota. Tun Litinin nake ganinsa a can. Lafiya dai ko?"

Ina tsaye da kwano a hannu. Malam Sharafa bai kalli Badung ba, ni ya kalla.

"Kubra, Bauchi ya tafi?"

Gaskiya tana bakina, alkawari yana wuyana. Na ce, "Haka ya ce, Malam."

"Haka ya ce," ya maimaita. Ya ja sandarsa ya shiga ɗaki.

A ranar na je Tina cikin ruwa na same shi. Na ce asirinka ya tonu, yayanka yana ganin gajiya ka yi da shi, ka zo ka yi magana tun wuri. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce saura kwana huɗu, in ya shiga ɗakin yanzu duk wahalar ta tashi a banza, in takardar gwaji ta fito zai san abin da zai ce. Na kira shi matsoraci a gaban mai faci.

Ran kwana na takwas ina bakin titi ina suya, Malam Sharafa ya sa Badung ya ɗauke shi a babur da ƙunshin kayansa. Ya kai shi Kwararafa, garejin Rwang, wanda ya koyi aiki a hannunsa shekarun baya, yanzu har da furfura. Rwang ya share masa wani ɗaki a bayan garejin, inda ake ajiye tsofaffin injuna. Saƙon da ya bar mini a bakin Badung gajere ne: a ce wa Haladu ya koma ɗakinsa, sanyi ya yi yawa a mota, kuma Haladu ya yafe masa, don ya daɗe yana ɗora masa nauyi.

Aka yi gwaji. Fitsarin Haladu ya fito fes, ko ɗigo babu. Suka ce ya fara aiki ran ɗaya ga wata.

Na ce sai na raka shi, don ban yarda da bakinsa ba. Duk hanya ina yi masa karatu: ka faɗa masa komai, ka nuna masa takardar, ka ce don ƙafarsa ka yi. Yana ta gyaɗa kai, hannunsa a kan aljihun da takardar take.

Muka tarar da Malam Sharafa a kan benci, an ba shi wata kafireta yana wankewa da fetur. Haladu ya cire takalmi ya tsuguna.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Sannu da hanya." Bai ɗago ba. "Ya ka baro mutanen Bauchi?"

Na zuba wa Haladu ido, har ina taka masa ƙafa. Bakinsa ya motsa, ya sake motsawa.

"Suna gaishe ka, Yaya."

"Madalla. Ina amsawa."

Haladu ya ce ya samu aikin kamfani. Yayan ya ce Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Ya ce ya zo ne su koma gida. Yayan ya ce nan ma gida ne, kuma Rwang yana buƙatar mai duba masa aiki. Muna nan har aka kira la'asar. Takardar ba ta fito daga aljihu ba.

A hanyar dawowa na wanke shi tas. Na ce kai wane irin mutum ne, kalma ɗaya ta gagare ka, ka bar tsoho yana zaton korarsa ka yi? Ya bari sai da na gama.

"Kubra, yanzu yana ganin ni ne marar kirki, na gaji da shi. Wannan laifina ne, zai iya yafe mini, ya ma yafe. In na gaya masa hayaƙinsa ne ya kore ni na kwana a titi, laifin ya koma kansa. Wa zai yafe masa? Ki gaya mini wanne ya fi sauƙin ɗauka."

Ni da a duk Dilimi ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ranar Haladu ya kayar da ni. Muka shiga gida, ya buɗe ɗakinsa. Gadon yana nan a gyare, amma sai ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙasa.