Kallabin da Najmuddeen Ya Ara

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga Yuli, 2025, bayan azahar aka aiko mana daga Sangere cewa Najmuddeen Hamajoɗa ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu.

Najmuddeen, ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haifi biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci.

'Yata Yusrah ta rasa idanunta a tashin bam na kasuwar Jimeta. Gidanmu kuwa a bakin tafkin Njuwa yake, in na tafi gonar shinkafa ita kaɗai nake bari. Shi ya sa da ka haɗa manhajar gargaɗin ambaliya, kai da abokin aikinka Gabriel, kuka zo har gida kuka sa mana a waya. Taswira ce mai ja da kore. Yusrah ta shafa, wayarta mai karanta mata rubutu ta ce "hoto", ta yi shiru.

"Hamma, shi ma ruwan hotonsa zai aiko?" ta ce maka, tana dariya.

Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Dada, ara mini kallabinki." Ka ɗaure idanunka, ka lalubi abin da hannunka ya gina, ka kasa.

Gabriel ya ce, "A fara da masu ido mana, makafi nawa ne? Baɗi a gyara."

Ka ce kogin Binuwai bai san baɗi ba.

Da kallabin ka tafi, da shi kake gwada kowane gyara. Bara da ruwa ya taso ina gona, wayar ta yi magana da Hausa da Fulatanci: "Ku fita, ku hau tudu." Yusrah ta ɗauki sandarta ta fita da ƙafarta.

Bayan sadakar bakwai ɗinka aka sabunta manhajar. Shekaranjiya ta yi ƙara, Yusrah ta shafa. Wayar ta ce "hoto". Tun ranar ban leƙa gona ba, ruwa kuma ya taɓa gindin tsamiyar bayan gidanmu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa mahaifiyarka Hajja Aminatu da matarka Nahla ta'aziyya, Allah Ya ba su dangana.

Jiya Gabriel ya kawo mini kallabin, ya ce a jakarka ya same shi. Ban karɓa ba. Na mayar masa a hannu, na nuna masa tsamiyar.