Madarar Ya Meram

"Ka yi musu allura ko ba ka yi ba?"

Muryar Ya Meram ce, maƙwabciyarmu mai sayar da nono, ta keto katanga da sassafe. Da Barbarci take yi da mijinta Modu, ni kuwa ina jin harshen.

"Rage murya, mutane na ji."

"Su ji! Jiya na ɗora nono, yau na buɗe ƙwarya, ruwa tsululu. Tun ina yarinya nake wannan sana'a, Malam. Nono ba ya ƙin barci haka kawai, sai in an soki saniya."

"Baki ne. Matan unguwa sun sa miki ido."

"Bakin ne a cikin kwalba, ƙarƙashin tabarmarka?"

Sai Modu ya ce, ƙasa-ƙasa, "To bar ɗorawa. Sayar da ta yau ɗanya. Madara ai fara ce, wa zai gani?"

'Yata Zulaihat, tun da aka yaye ta, ba abin da ke zama a cikinta sai madarar gidan Meram, kuma kullum mu ake fara aunawa.

A wani ƙauye na bakin kogin Komadugu aka haifi Meram, inda gonakin tattasai ke gangarawa har ruwa. Ta auri Modu yana da garken da sai ya tsaya kan tudu yake ganin ƙarshensa. Shekarar da yaran nan masu bindiga suka fara ƙetaro kogi suna ƙone garuruwa, suka kore shanun. 'Yan kaɗan suka tsira. Da su ta zauna sansanin 'yan gudun hijira na Assaga, cikin bukkar zana a gefen kwalta, daga baya suka matso bayan garin Diffa.

Nan ta yi suna. Ba ta ƙara ruwa, ba ta zuba kuka. Takan wanke ƙorai ta kife a rana, ta tace madara da farin ƙyallen da ba ta yarda kowa ya taɓa. Matata Saudat kan ce ko kuda sai ya yi sallama kafin ya sauka a ƙwaryar Ya Meram. Meram ce ma ta taɓa gaya mana abin da ta ji daga bakin likitan dabbobi a Assaga: saniyar da aka yi wa allura, zubar da nononta ake yi na wasu kwanaki, domin maganin yana bi ta ciki, tafasawa kuma ba ta fitar da shi.

Amma tun da aka hana hawa moto, wato babur, likitan ya yi wuyar gani. Modu ya koma sayen magani wurin mai tebur a kasuwa, kwalabe suna gasuwa a rana, rubutunsu ya goge. Na san shanun suna tari, ina jin su. In maganar ta fita, makiyaya za su hana su shan ruwa tare da nasu, mahauta kuma su taya su kuɗin akuya. Ina jin ba wannan kaɗai ke hana shi barci ba. Rabin shanun na ƙanensa Ari ne, wanda ya koma ɗauko iyalinsa a ƙetaren kogi, har yau shiru. Ranar da Modu ya bar saniyar Ari ta mutu, ko ya sayar da ita, ya yarda ke nan mai ita ba zai dawo ba.

Ita fa? Meram ba mai ɗaga murya ba ce. Ta san katangar nan ba ta riƙe magana. Na kasa rabewa: fushi ne ya ci ta, ko so take mu ji da kunnenmu, don kada ta tona asirin mijinta da bakinta? In kuma ta zo ta auna mana kamar kullum, me zan ce mata?

Ban gaya wa Saudat komai ba. Ina kallo ta ɗauraye kwano, Zulaihat na jan zanenta tana kuka. Aka yi sallama. Meram ce a ƙofa, ƙwarya a ka, rufe da faifai, wuyanta ya ɗan lanƙwashe don nauyi. Saudat ta miƙa kwano.

"Mayar da kwanonki, uwar Zulaihat. Yau ki dama mata kunun gyaɗa. Gobe ma."

"Lafiya, Ya Meram? Ga ƙwarya cike a kanki. Ina za ki da ita?"

Ta dube ni, ta dubi hanyar kasuwa, ta gyara gammo.

"Ke dai ki kula da taki 'yar," in ji ta.