Rumbun da Ba Shi da Gaɓa

Silvanus Kumai magini ne, kuma dattijon ikilisiya a Kafanchan. Shekara ashirin bai taɓa ɗaukar cokalin gini ran Lahadi ba, kuma wanda duk ya kama da fartanya a ranar sai ya sha wa'azi har kunnensa ya yi zafi. Ginin rumbun laka ya gada: a ɗora layi ɗaya, a bari ya sha rana, gobe a ƙara.

A 1975 wata ƙungiyar manoma ta ba shi ginin rumbun kankare kusa da layin dogo, inda za a zuba masarar ƙauyuka bakwai. Kafin injiniyan aikin ya koma Kaduna sai da ya ja masa kunne. In aka fara zubi, ba tsayawa sai an kai baki. In na ƙasa ya daskare kafin na sama ya hau, gaɓa za ta fito, ruwan damina ya bi ta nan, masara ta ruɓe.

Suka fara Alhamis da niyyar gamawa Asabar. Injin kwaɓa kuwa ya zaɓi Juma'a ya mutu, aka koma shebur. Gari ya waye Lahadi, saura kamu uku.

Ƙararrawar coci na bugawa, leburori suka ajiye kwanon sarki da suke ɗaukar kankare da shi.

"Baba, kai ne ka koya mana," in ji babbansu.

Suka watse, aka bar Silvanus da Ƙasimu mai kwaɓa. Silvanus ya hau tsani ya danna babban yatsa a kankaren, ya ji ya fara ƙin nutsewa. Tsoro ya kama shi. Ya sauko ya ɗauki kwano, da furfurarsa da komai.

Yana sawu na tara, sai ga matarsa Paulina cikin zanen zumuntar mata.

"Baban Luke, Fasto yana tambaya. Kujeranka babu kowa."

"Awa ɗaya in ya wuce, abincin mutane ya lalace. Ki gaya masa haka."

Ta dube shi, ta juya. Ya ce a ransa shi ke nan, ta tafi. Sawu shida ya ƙara, yatsansa na ƙara shan wuya a kankaren, kafin ya hango ta tafe da mata goma sha ɗaya suna naɗa gammo. Kowace ta ɗauki kwano. La'asar sakaliya suka kai baki.

Majalisar dattawa ta sa shi horo: wata shida a bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a coci. Bai yi musu ba, don da bakinsa aka kafa dokar. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai sake zama a kujerar dattawa ba.

Amma har tsufa ya ci ƙarfinsa, in ya yi baƙo sai ya ja shi gindin rumbun, ya kama hannunsa ya ɗora a bango.

"Shafa," yakan ce. "Nemo mini gaɓa."