Dambun Gwaggo a Teburin Giya

Gwaggona, ƙanwar babana, a Small Heath take zaune cikin Birmingham, kuma aikin care home ya gama cinye mata gwiwoyi. GP, likitanta, ya ce ta rage tsayuwa, ita kuwa aikin nata kaf tsayuwa ne da ɗaga tsofaffi. Abin da ta ƙwallafa a rai shi ne ta samu gidan abincin da zai riƙa karɓar dambun namanta duk mako, ta ajiye aikin shift ɗin nan ta huta. Dambun kuwa ba na wasa ba ne, a turmi take daka shi, ba ta yarda da inji.

Ni a lokacin ina karatu a Manchester. Duk na je wajenta sai ta cika min roba, ni kuma ba na iya komawa lab, ɗakin gwajinmu, hannu rabbana, sai na kai wa abokan karatu tsaraba. Wata Baturiya da muke benci ɗaya ta tafi wa mijinta da ragowa. Washegari ta zo jiki na rawa. Ashe mijin yana da ɗan gidan abincin mutanen Sifen a bayan Oxford Road, ya ce in kawo mai yawa ranar Lahadi da rana, yana da baƙi, in ya karɓu zai sa a menu. Ban tsaya tambaya ba. Na san gidan abincin Turawa ba ya rasa giya, amma na ɗauka tana can kan kanta abinta, abinci yana nan.

Da na gaya wa Gwaggo a waya, sai da ta yi guɗa. Ta roƙi wata ta riƙe mata shift, ta sayo naman sa a shagon halal na bakin titinsu, ta wuni a zaune tana daka da suya. Ni na ɗauko kular a cinyata cikin motar coach har Manchester, kamar mai ɗauke da jariri.

Ina tura ƙofa wani tsami ya dake ni, irin na kunun da ya kwana. Abu na farko da idona ya sauka a kai cinyar alade ce guda, busasshiya, an kafa ta kan katako da kofatonta a sama. A'uzubillahi. Baƙin suna zagaye da dogon tebur, gaban kowa jerin tambulan, a tsakiya kuma kwalabe, kowacce an zura ta cikin baƙar safa. Safar ƙafa fa! Baturiyar nan ta raɗa min cewa jan giyar Sifen ce iri-iri, an rufe sunayen ne don kada kowa ya san wacce yake sha, a bar harshe ya yi hukunci, sannan a ga wane abinci ya dace da wace kwalba.

Don ta ni ne, da na juya tun a nan. Gwiwoyin Gwaggo na tuna, na zauna a kujerar bakin ƙofa da ruwan gora a hannu.

Mai gidan ya buɗe kular, ya juye dambun a kan faranti, kusa da cuku da zaitun da yankan aladen nan. Sai aka fara. Kowa ya kaɗa tambulan, ya cusa hanci ciki yana ja. Wani tsoho mai jan gemu ya kurɓa, ya kumbura kumatu yana kurkurar baki kamar mai alwala, har da ƙara. Ina jira ya haɗiye, sai ya jawo wani ƙaramin bokiti ya tofar. Ya tura wa ta kusa da shi, ita ma ta tofar a kan nasa. Haka bokitin ya yi ta yawo a kan tebur, tsakanin farantai, ja da kumfa da yawun mutane. Mu a gidanmu ko kaki ka yi kusa da tabarmar abinci sai ka sha rankwashi.

Wai kuma suna yabo. Wannan ya ce tana ƙamshin tsohuwar fata, waccan ta ce ita jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ji. Na ce a raina, to ku je ku lashi takalmi mana, ku huta.

Abin da ya fi ƙona min rai, da suka zo kan dambun, shinshinarsa suka fara yi. Abincin mutum, a gaban wanda ya kawo! Suka ɗiba da yatsun da suka taɓa aladen, suka tauna, suka bi da giya. Kusan duka suka nuna kwalba ɗaya, aka zare mata safa, aka tafa. Mai gidan ya zo ya tsuguna gabana ya yi magana mai tsawo. Yana son dambun duk mako, za a riƙa sayar da shi tare da kofin giyar nan, ba a raba su. Na ce zan gaya wa mai shi. Kular ma ban ɗauko ba, ƙyanƙyami ya hana ni.

Ban iya faɗa a waya ba. Asabar na je da kaina, na same ta a falo ta tsoma ƙafafu a robar ruwan ɗumi, kayan aiki a jikinta. Na zayyana mata abin da na gani, ban rage komai ba, har safar da bokitin. Na so ta zage su mu zage su tare.

"Ba da namana ba," ta ce. "Ki ce masa na gode."

Na ce to. Na tashi zan ɗora shayi, ta kira ni.

"'Yar nan, da ya tsuguna, me ya ce a kan dambun?"

Na gaya mata. Ya ce da ji wannan dakan hannu ne, wanda ya yi shi bai yi gaggawa ba. Ya ce citta ce ke fara zuwa, sai can ƙarshe, bayan mutum ya haɗiye, kanumfari ya biyo baya.

"Ya gane da kanumfari?"

"Ya gane, Gwaggo."

Ta ce yaranta da aka haifa a nan sun fi son kaza da chips, mijinta kuwa tun aurensu yake ci, bai taɓa ce mata ga abin da ya ji a ciki ba. Ta tsame ƙafafun, ta goge, ta jawo baƙin takalmin aikinta. Sai da ta dafa kafaɗata ta iya miƙewa. Ina jin haushin mutanen nan har wuya, ga shi kuma a bakinsu kaɗai maganar ta fito.

Na raka ta bus stop muna tafiya a hankali saboda gwiwar. Da motar ta ɓullo daga kwana, ta riƙe min hannu.

"Sake faɗa min yadda ya ce."