Ranar da Baba Maƙwabci Ya Yi Santin Fate

Shekarun baya kaɗan, lokacin ban yi aure ba ina zaune a gidanmu na Tudun Wada, maƙwabcinmu ya tashi sayar da gidansa ya koma garinsu saboda harshensa ya daina jin ɗanɗano. Na san wani zai ce wannan ma har dalili ne? To ku bari in gaya muku ko wane ne mutumin.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Ibo ne, Kirista, ya zo Zariya tun yana saurayi, Hausa kuwa a bakinsa har da ta zagi. Baba nake ce masa, don abokin marigayi mahaifina ne tun kafin a haife ni. Yana da shagon kayan masarufi a bakin titi, amma abin da aka san shi da shi a Sabon Gari daban ne. Shi ke zaɓa wa otal-otal da masu bikin coci giyar inabi, musamman fara. Ba mashayi ba ne, ban taɓa ganin yana tangaɗi ba. Zai shinshina, ya yi kurɓa ɗaya, ya juya ta a baki, ya tofar a wani ɗan bokiti, sai ya gaya maka shekarar da aka tsinki inabin, ko ruwa ne ya yi yawa a can ƙasar da aka noma shi a wannan shekarar ko rana, da kuma ko kwalbar ta isa buɗewa ko a bar ta ta ƙara kwana.

Kafin wani ya zo mini da wa'azi a ƙasan rubutun nan, ban taɓa kai ta bakina ba, ba kuma zan kai ba in sha Allahu. Tun da can suka yi yarjejeniya da mahaifina: kwalba ba ta tsallako ƙofarmu, shi kuma mahaifina ba ya bin sa gida da faɗa. A haka suka zauna har Allah ya raba su. Amma labarinta kam na sha har na ƙoshi. Da yamma in na leƙa gaishe shi, sai ya ɗaga kofi wajen haske ya fara.

“Ka ga wannan? Yarinya ce, bara waccan aka yi ta. Ga tsami, ga rawar kai, ba ta san inda za ta zauna a baki ba. Wannan kuwa ta kai shekara goma. Dubi launinta, ta fara komawa zuma. Tana da jiki. In ka kurɓa sai ta cika maka baki kamar man shanu sabon kaɗi, ta wuce ta bar maka ƙamshin soyayyar gyaɗa. Gona ɗaya fa, itace ɗaya, shekara ce kawai ta bambanta.”

Ni kuma daga bakin ƙofa in ce, “Baba, in dai man shanu da gyaɗa kake nema, ga su can kasuwar Tudun Wada, ba sai an ɗauko su a jirgi ba.”

Sai ya ce, “Kai dai baƙauye ne, kamar ubanka.”

To wata shekara ya kwanta da wani zazzaɓi mai haɗe da mura. Ya sha wuya, amma ya tashi. Sai dai ya tashi babu hanci babu harshe. Likita ya ce a wajen wasu jin ƙamshi da ɗanɗanon yakan dawo, wasu kuma shi ke nan, sai dai a jira. Da farko ya ɗauki abin da wasa. Da aka kwana biyu sai ya daina fita shago, ya daina ɗaukar wayar mutanen Sabon Gari, ya rame har wandonsa na zamewa.

Wata la'asar ya aika aka kira ni. Na tarar ya juya wa tebur baya, matarsa, wadda duk unguwa ke ce wa Madam, tana zuba masa kofi uku daga kwalabe uku masu shekaru daban-daban, don kar ya ga wacce ce wacce. Na zauna a inda na saba, bakin ƙofa. Ya juyo ya ɗauki na farko, ya tofar. Na biyu, ya tofar. A na uku ya daɗe, har na fara murna. Sai ya ajiye kofin a hankali.

“Ruwan randa,” in ji shi. “Duk ukun ruwan randa ne.”

Nan ya gaya mini ’ya’yansa sun dame shi ya koma gida wajensu, kuma ya riga ya yi magana da dillali. Ya ce, “Me zan zauna yi? In riƙa zaɓa wa mutane abin da ban san ɗanɗanonsa ba? Wannan ai cuta ce.” Na ce Allah ya sawwaƙe, na fito.

Da na gaya wa mahaifiyata, tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Babu inda za shi.” Na ce, “Inna, har dillali ya zo fa.” Ta ce, “Na ji. Ɗauko mini langar can.”

Kun san dai yadda muke yi, in akwai majinyaci a maƙwabta kwano ba ya yankewa. Inna ta ɗaura ɗamara. Yau farfesun kayan ciki da yaji kamar a yi kuka, gobe dambun nama, jibi miyar taushe, gata kunun tsamiya da ko ƙamshinsa ka ji sai yawunka ya tsinke. Ni ne ɗan aike. Ni ma ban zauna haka ba, na zama boka. Na kai masa citta, na kai kanumfari, na kai masoro. Har ɓawon maɗaci na jiƙa masa, ya shanye tas yana kallona kamar ruwan leda na ba shi. Ni da na ɗan taɓa a harshe don in gwada, sai da na yi kwana ina tofar da yawu.

Abincin Inna kuwa cokali biyu yake yi don kunya, ya ture. Ga shi ba a mayar wa tsohuwa da kwanonta cike, ranta zai ɓaci. Sai na ga ai taimako ne in zauna nan barandarsa in share. Har cokali na ware nake sakawa a aljihu. Ba a daɗe ba abokaina suka fara tambaya ko na sami sabon aiki ne, don kumatuna sun fito. Wata rana na miƙa wa Inna kwano a wanke ina cewa, “Yau kam Baba ya taɓuka.” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ikon Allah. Majinyaci na ramewa, ɗan aike na ƙiba.”

Damina ta shigo, babu wani canji. Dillali ya kawo wani Alhaji daga Gyallesu, ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango yana leƙa rijiya. Ina kallonsa ta taga raina na tafasa, kamar gidana zai saya. Madam ta fara naɗe faranti da tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Aka tsayar da magana Alhajin zai dawo ranar Asabar a ƙarasa.

Ranar Juma'a aka tashi da ruwa. Inna ta ce ita yau ta gaji da girkin majinyata, abin da za mu ci shi za a kai masa. Faten tsaki ta yi, da sabuwar yakuwar da ta fito a bayan ɗaki, ta zuba gyaɗa, ta kwarara man shanu a kai. Bayan an sauko masallaci na ɗauka na kai. Na same shi a baranda cikin kwalaye, ya zuba tagumi.

Ya yi cokali ɗaya. Ya yi na biyu. Na sa hannu a aljihu na kama nawa cokalin, ina jira ya turo. Sai ya yi na uku. Ya yi na huɗu. Ya gyara zama ya jawo kwanon jikinsa. Can sai na ji ya ce, baki cike, “Ni fa wannan katangar da ke tsakaninmu, ban ga amfaninta ba. Me zai hana a fasa ƙofa a nan, daidai madafin Hajiya? Zagayowar nan da kake yi ta waje, abinci hucewa yake.”

Ni da ke jin haushin rabona na tafiya, sai na amsa masa da gaske. Na ce, “Baba, gidan da za a sayar gobe ne za a fasa wa ƙofa?”

Ko saurarona bai yi ba. Ya ce, “Kuma a yi mata rufi saboda damina. Ni zan sayi kwanon rufin. Kai, ubanka ma da yana nan ai da mun sayi saniya mun ɗaure a nan, a riƙa kaɗa man a gida.”

Madafin Inna a jikin katangar yake, ashe tana jin komai. Sai muryarta ta tsallako: “La ilaha illallahu! Kai, santi yake yi! A sa masa waigi kar ya kife!”

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Mutumin da bakinsa ba ya jin komai ai ba ya santi. Baba ya tsaya da cokali a sama, ya motsa baki, ya sake motsawa. Ya ce a hankali, “Tsami.” Sai kuma ya ɗaga murya, “Hajiya! Yakuwar nan akwai tsami!” Inna ta ce, “To da zaƙi za ta yi?” Madam ta fito da gudu da faranti a hannu tana kiran sunan Yesu. Shi kuwa hawaye na zuba, hannu bai daina kai cokali ba. Ko loma bai rage mini ba.

Yana gamawa ya kuskure baki ya sha ruwa, ya ce Madam ta buɗe kwalin kwalabe. Ta ce ya bari sai gobe, ya ce gobe ai mai saye zai zo. Ya juya baya, ta zuba kofi uku, ni kuma na koma bakin ƙofa.

Na farko ya shinshina ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya yi dariya. “Yarinyar nan ce. Har yanzu ba ta yi hankali ba.” Madam ta ce haka ne. Na biyu ya juya ya juya, ya kira wata shekara, Madam ta girgiza kai. Ya ce, “To, hancin bai gama dawowa ba.” Ya ɗauki na uku ya rufe ido. Wannan karon bai tofar ba. Ya haɗiye sannan ya ce, “Ga ta nan. Tsohuwar ce, ta shekarar da rana ta yi yawa. Ta ƙara nauyi tun rabona da ita. Zumar ta fito sosai, har da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe kamar ɓawon lemo.” Madam ta juyo masa da kwalbar, ya duba, ya kifa kai a tebur.

Ban san lokacin da na ce “Alhamdu lillahi!” da ƙarfi ba. Sai kuma na tsaya ina tunani, yau ni ne ke hamdala a kan giya? Na dai lallashi kaina da cewa ai a kan harshe na yi, kuma harshe na Allah ne.

Washegari Alhajin Gyallesu ya zo, Baba ya tarbe shi da lemo da ban haƙuri, ya raka shi har mota. Hancin ya ɗauki watanni kafin ya daidaita, amma ya koma aikinsa. Ƙofa dai ba a fasa ba. Inna ta ce a bar ni in riƙa zagayawa ko tumbin ya ragu.

Har yau in na zauna cin abinci nakan ɗan dakata a lomar farko. Da can zubawa kawai nake yi, ban taɓa ɗaukar jin tsami da gishiri a matsayin wata ni'ima da za a iya wayar gari babu ita ba, sai da na ga dattijo yana kuka a kan yakuwa. Kuma duk sanda na wuce ƙofar gidan na ji rediyonsa na tashi, sai in ji wani sanyi a raina, don saura ƙiris da baƙo ne a ciki.

Da yammar Asabar ɗin, bayan motar Alhajin ta tafi, na shiga na sami Inna a kan tabarma tana jan carbi. Na ce, “Inna, ya fasa. Amma ke me ya sa tun farko kika ce babu inda za shi? Kin san zai warke ne?”

Ta ce, “Ina na sani? Ni likita ce?” Ta goge ido da bakin mayafi. “Duk abokan mahaifinka sun tafi. Shi kaɗai ya rage a garin nan da in na ce ‘ka tuna’, zai ce ya tuna.”