Hannu Bisa Kai

Yana gabana a layin rajistar jardan, makarantar ƙananan yara ta gwamnati a nan Diffa. Tsoho ne dogo, rigarsa wankakkiya amma ta koɗe, gefen farcensa ja irin na masu noman tattasai a bakin Komadugu. Ina zaton daga wajen Geskeru ya gudo. Duk lokacin da motar soja ta wuce, sai ya ƙara damƙe hannun yarinyar da ke tare da shi.

"Takardar haihuwa, Baba?" in ji daraktar makarantar.

"Ta ƙone tare da gidan, Madam." Hausarsa ta Barebari ce, a hankali yake jan ta. "Meram sunanta. Jikata ce, ni kaɗai na rage mata."

"To, ta zagayo da hannu bisa kai. In ta taɓa kunne, ta kai shekara shida, ta girmi jardan, ba za mu ɗauke ta ba."

Yarinyar ta ɗauka gasa ce. Tana miƙa hannu iya ƙarfinta, tana cije leɓe. Tsohon ya daina jan carbi, kuma ba ya iya ce mata ta bari. Yatsun suka tsaya, saura kaɗan.

Darakta ta duba rajista, ta girgiza kai. "Sittin cif, Baba, rabinsu 'yan gudun hijira. Ko a tabarma babu wuri."

Bai yi gardama ba. Yana gyara wa yarinyar ɗankwali, kamar wanda ya saba jin haka.

Ni kuwa na zo ne a cire sunan 'yata Hanan, wadda muka binne ranar Talata. Na matso gaban tebur.

"Madam, hamsin da tara ne."